Kan Jirgi Mai Shan Man Dizal, da Abin da Mai Kallo Zai Koya Gare Shi

Jirgin kaya ba shi da farin jini irin na jirgin fasinja. Ba mai yi masa rakiya, ba mai zuwa taryensa. In ya zo wucewa yara su kan ƙirga taragunsa, manya kuwa sai su tsaya suna ƙosawa ya ba su hanya. Alhali kuwa dominsa aka shimfiɗa hanyar dogo a ƙasar nan, gama kuɗin gyaɗa da auduga da fatu da kuza su ne suka riƙe reluwe tun farkonta. Saboda haka muka ga ya kamata, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da malamai, mu duba abin da ke jan wannan jirgi, watau kan jirgi mai shan man dizal, man nan da direbobin manyan motoci ke kira gas. Za mu bi shi daki daki: inda ya ke samun ƙarfinsa, da yadda ƙarfin ke kaiwa ga ƙafafu, da yadda mutum zai tsaya daga gefe ya gane irinsa da lafiyarsa da ido da kunne kaɗai. In mun san waɗannan za mu gane cinikin da aka yi ranar da aka sallami jirgin kwal, mu san ribar da aka ci da bashin da aka ɗauka.

Wahalar jirgin kwal

Hanyar dogo ta iso Kano daga Baro cikin shekara ta 1911, a 1912 kuma aka haɗa ta da wadda ta taso daga Ikko. Tsakanin Ikko da Kano wajen mil 700 ne. Daga baya aka yi mata rassa, na Ƙauran Namoda a 1929, na Nguru a 1930, na Maiduguri kuwa sai a 1964 ya kai. Fiye da shekara arba'in ba abin da ke jan kaya a hanyar nan sai kai mai tururi. Aikinsa kamar na tukunya ne bisa murhu: a hura kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafa.

Kwal ɗin kuwa daga Inugu ya ke fitowa. An gano shi a wajen Udi a 1909, hanyar dogo daga Fatakwal ta kai can a 1916. To, ga wahala ta fari: kafin jirgi ya ja gyaɗa daga Kano, sai wani jirgi ya jawo masa abincinsa daga Inugu, tafiyar ɗaruruwan mil, cikin taragun da da sun ɗauki kayan kasuwa. Ta biyu ita ce ruwa. Ko wane tan na kwal da aka ƙone ya kan tafasa ruwa wajen tan shida ko bakwai, tururin kuma in ya gama aikinsa sai ya fice ta bututun hayaƙi, ba ya komowa. Tilas ke nan a kafa tanki da famfo a tashoshi jere da juna, mun kuwa san yadda ruwa ke wuya a Arewa daga tsakiyar rani har bazara, daidai lokacin da gyaɗar kaka ke jiran a kwashe ta. Ta uku ɓarna ce. In an kasa zafin kwal kashi ɗari, abin da ke zama ƙarfin ja bai kai kashi goma ba, saura duk iska ke sha. Bayan wannan sai an yi sa'o'i ana hura wuta kafin kai ya motsa, ga kwasar toka, ga wankin tukunya. Dalar gyaɗa da aka yi ta tarawa a Kano bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin alfahari ce, amma kuma shaida ce jirgi bai iya kwashe abin da manoma suka noma a kan kari ba.

Yadda injin dizal ke samun ƙarfi

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda aka haifa a birnin Faris a 1858, shi ya ƙago injin da ke amsa sunansa, a 1897 kuma ya nuna na farko da ya yi aiki sosai. Asalin dabararsa abu ne da ko wannenmu zai iya gwadawa. Ku ɗauki famfon keke, ku toshe bakinsa da yatsa, ku yi ta bugawa, ba da jimawa ba za ku ji gindinsa ya yi zafi. Haka halin iska ya ke, in an matse ta sai ta yi zafi. A cikin injin dizal fistin ya kan matse iska cikin silinda har ta koma wajen kashi ɗaya cikin goma sha biyar na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, ruwa kuwa a digiri 100 ya ke tafasa. Sa'an nan a fesa mata mai ƙanana ƙanana kamar yayyafi, nan take ya kama da kansa, ba da fulogi ba kamar na motar fetur. Wutar ta kumbura ta tura fistin ƙasa, fistin ya juya wata ƙatuwar sandar ƙarfe mai gwiwoyi, juyawar sandar nan ita ce ƙarfin injin. Da ya ke wutar a cikin silinda ta ke, ba ƙarƙashin tukunya ba, wajen kashi talatin cikin ɗari na zafin man ya kan kai ga ƙafafu. Ruwansa kuma na sanyaya jiki ne kawai, yana zagayawa cikin lagireto yana komowa. Abin da zai ba mu sha'awa, mu jikokin manoman gyaɗa, a wajen baje kolin duniya da aka yi a Faris a 1900 an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa.

Injin nan iri biyu ne, mai bugu huɗu da mai bugu biyu. Bugu shi ne tafiyar fistin sau ɗaya, ko sama ko ƙasa. A mai bugu huɗu, fistin ya sauka ya shaƙi iska, ya hau ya matse ta, wuta ta kama ta turo shi ƙasa, ya sāke hawa ya kori hayaƙi. Watau sai sanda ta juya sau biyu kafin ko wace silinda ta ba da ƙarfi sau ɗaya. Mai bugu biyu kuwa ba ya jiran wannan. An huda ƙofofi kewaye da gindin silinda, in fistin ya sauka ya buɗe su, sai wani famfo ya huro sabuwar iska da ƙarfi, kamar yadda zugazugi ke yi wa maƙeri, ta kore hayaƙi ta bawul ɗin da ke sama. Saboda haka ko wace juyawa tana da wutarta. Kamfanin General Motors na Amurka ya yi suna da mai bugu biyu, wanda ya fito da shi a 1938 ya sa masa lamba 567. Lambar nan awon cikin silinda ɗaya ce da inci, da lita kuwa ta haura 9, alhali injin ƙaramar mota dukansa sau da yawa bai kai lita 2 ba. Kamfanonin English Electric da ALCO da General Electric kuwa mai bugu huɗu suka riƙa.

Da sauran dabara ɗaya da ya kamata mu sani. Wuta ba ta ci sai da iska, gwargwadon iskar da aka cusa gwargwadon man da za a iya ƙonewa. Don haka a kan sa hayaƙin da ke fita ya juya wata fanka, ita kuma ta juya wata da ke danna iska cikin injin. Ta haka abin da da za a zubar ya koma yana ƙara ƙarfi. Fankar nan ita ke yin fito mai tsini da mu ke ji sa'ad da babban kai ya ɗauki wuta.

Hanya uku ta kai ƙarfi ga ƙafafu

Injin dizal yana da wani rauni wanda na tururi ba shi da shi. Tururi ya kan tura fistin ko da jirgi na tsaye cik, injin dizal kuwa ba shi da ƙarfi sai yana juyawa, in an ɗora masa nauyi tun bai kama gudu ba sai ya mutu. Wanda ya taɓa ganin ɗan koyo ya saki kuloci da gaggawa ya san wannan. A 1912 kamfanin Sulzer na Suwizalan da abokan aikinsa suka ƙera wa reluwen Jamus wani kai wanda aka haɗa injinsa da ƙafafu kai tsaye, sai da matsattsiyar iska a ke tayar da shi, bai kuwa yi albarka ba. Daga nan aka gane lalle sai an sami ɗan tsakani, wanda zai bar injin ya yi ta juyawa, shi kuma ya riƙa miƙa ƙarfin a hankali. 'Yan tsakanin nan uku ne, da su a ke rarrabe kawunan dizal.

Na fari shi ne giya da kuloci, irin na mota. Yana da araha, gyaransa ba wuya, amma haƙoran giya da fuskar kuloci ba su jure wa nauyin dogon jirgi. Sai a ƙananan kawuna a kan same shi, masu tura taragu cikin tasha ko cikin masana'anta.

Na biyu shi ne mai. Ku ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ku kunna ɗaya, za ku ga ɗayar ta fara juyawa ba wanda ya taɓa ta. To, a rufe irin waɗannan cikin akwatin ƙarfe, a cika shi da mai maimakon iska. Injin ya juya ta fari, ta watsa mai, mai ya juya ta biyu, ita kuma ta juya ƙafafu. Jamusawa ne suka fi ƙwarewa a wannan, kansu mai lamba V200 da ya fito a 1953 ya yi suna ƙwarai. Irin wannan kai ba shi da nauyi bisa ga ƙarfinsa, amma aikinsa na ciki yana son gwani.

Na uku shi ne lantarki, shi ne kuwa ya rinjayi sauran wajen jan kaya. Injin dizal ba ya taɓa ƙafa ko kaɗan, janareta kaɗai ya ke juyawa. Wutar da janareta ya haifar ta bi waya ta sauka ƙasa, inda aka ɗaura wa ko wace sandar ƙafafu nata injin mai juyawa da lantarki, ɗan'uwan na fanka, sai dai ya fi shi girma nesa. Bari mu kira su injinan ƙafa. Halinsu kishiyar na dizal ne, sun fi ƙarfin murɗa sa'ad da su ke tashi daga tsaye, abin da jirgin kaya ke bukata ke nan. Ashe kan jirgin da mu ke ce wa na dizal jirgin lantarki ne da ke goye da gidan wutarsa. Da ya ke kuma da waya a ke sarrafa shi, a kan haɗa kai biyu ko uku, direba ɗaya ya bi da su duka daga gaba. A gangara kuwa, a kawunan da aka yi wa wannan shiri, injinan ƙafa su kan koma janareta, su riƙe jirgi, wutar da suka haifar a mai da ita zafi a watsar.

A 1925 wani kai irin wannan, mai ƙarfin doki 300, ya fara tura taragu a birnin Niyok. A 1939 kuma General Motors suka haɗa kai huɗu, jimlar ƙarfinsu doki 5,400, suka zagaya Amurka da su wata goma sha ɗaya, tafiyar fiye da mil 80,000, suna jan kayan kamfanonin reluwe don kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Zuwa 1960 manyan reluwen Amurka sun sallami tururi, Ingila kuwa a 1968.

Kawunan da suka zo Nijeriya

A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka kawo kai goma ƙirar English Electric, ko wane da ƙarfin doki 750. A 1958 aka biyo da ashirin da biyar ƙirar General Motors, irin da a ke kira G12, masu silinda goma sha biyu na injin nan 567. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal daga Inugu, ya ƙara gaggauta barin tururi. A farkon shekarun 1970 aka sayo fiye da hamsin daga Kanada, masu injin ALCO. A ƙarshen shekarun 1990 aka kawo hamsin daga ƙasar Sin, a 2010 kuma ashirin da biyar ƙirar General Electric. Waɗannan da muka lissafa duk na lantarki ne, duk kuma na tsohuwar hanya ne, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6. Sababbin hanyoyi, ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da ta Itakpe zuwa Warri a 2020, da ta Ikko zuwa Ibadan a 2021, faɗinsu ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, kawunan dizal ƙirar Sin aka kawo musu. Kan wannan hanya ba ya hawa waccan, haka kuma tarago. Ku riƙe jerin nan a ranku, gama za mu komo gare shi.

Ɗan lissafi

Yaya kai ɗaya ke jan abin da ya fi shi nauyi sau goma? Ƙafar ƙarfe bisa dogon ƙarfe ba ta da tirjiya, wurin da su ke taɓa juna bai wuce faɗin ƙaramin kwabo ba. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in ana tafiya sannu, ko wane tan na jirgi jan wajen kilo 3 ya ishe shi. Jirgi mai tan 1,000 ke nan jan tan 3 ya ke bukata. Amma in hanya tana hawa ƙafa ɗaya cikin ko wace ƙafa ɗari, tudun da ido ma da ƙyar zai gane shi, sai a ƙara kilo 10 a ko wane tan, jan ya tashi daga tan 3 ya koma tan 13.

Santsin nan da ya sauƙaƙa ja, shi ne kuma ya yi wa kai iyaka. Kome ƙarfin injin, a busasshen dogo kai ba ya iya jan abin da ya wuce wajen rubu'in nauyin da ke bisa ƙafafunsa masu ja. Mai tan 80 zai ba da jan tan 20. In yayyafi ya sauka, ko mai ya zube a kan dogo, abin na iya raguwa da rabi, ya koma tan 10, jirginmu mai bukatar 13 sai ya tsaya a tsakiyar tudu ƙafafu na juyawa a banza. Don haka ko wane kai ke tafe da akwatin yashi, ana zuba shi ta bututu a gaban ƙafa. Don haka kuma a wurare masu hawa, kamar daga Kafancan zuwa tudun Jos, tilas a rage taragu ko a ƙara kai.

Yadda a ke kallon jirgin kaya

Da fari a dubi ƙafafu. Kai yana zaune bisa gadaje biyu masu juyawa, na gaba da na baya. In ko wane gado yana da sanda biyu, duk masu ja, masu sani su kan rubuta Bo-Bo. In uku ne, Co-Co. In na tsakiya ba ya ja, nauyi kawai ya ke tayawa ɗauka, sai a rubuta A1A-A1A. Harafi na nufin sanda mai ja, A ɗaya, B biyu, C uku, lamba kuwa sanda marar ja. Yawan ƙafafu ba ado ba ne. Inda dogo ba shi da kauri, ko gada ba ta da ƙarfi, tilas a rarraba nauyi, kamar yadda mutum shida ke ɗaukar abin da zai karya mutum huɗu.

Na biyu a kasa kunne. Mai bugu biyu gurnaninsa a haɗe ya ke, ba ya yankewa, yana tashi yana sauka kamar kukan injin niƙa. Mai bugu huɗu kuwa ana jin bugunsa ɗaya ɗaya, kamar luguden mata a turmi, musamman sa'ad da ya ke tashi da kaya. A kawunan ƙirar Amurka hannun wuta yana da mataki takwas, mai lura zai ji muryar injin na hawa mataki mataki. Za ku lura kuma injin ya kan yi ruri tun jirgi bai gusa ba, gama mun riga mun ga ba a ɗaure ya ke da ƙafafu ba.

Na uku a dubi hayaƙi, shi ne ke tona asirin lafiyar kai. Lafiyayyen injin in ya yi ɗumi hayaƙinsa kaɗan ne. In ya yi baƙi na ɗan lokaci sa'ad da direba ya ƙara wuta, ba laifi, fankar iska ce ba ta kamo gudu ba tukuna. Amma in baƙin ya dawwama, mai ya fi iska yawa ke nan, ko matatar iska ta toshe, ko bakin feshin mai ya lalace. A ƙasarmu ƙurar hunturu ba ta raga wa matata. Shuɗin hayaƙi alama ce injin na cin man shafawarsa, ya tsufa ko zoben fistin ya ci. Fari kuwa da sanyin safiya mai ne da bai ƙone ba, in ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, mai yiwuwa ruwa ne ke yoyo cikin silinda.

Na huɗu a dubi taragu, su ne ke ba da labarin kasuwa. Rufaffe na kayan buhu ne, kamar siminti da taki da hatsi. Buɗaɗɗe na tsakuwa ne da ƙarfe. Mai tanki na mai ne, shimfiɗaɗɗe kuwa na kwantena. Wanda aka cika ya kan zauna sosai bisa ƙarafan da ke tallafe da shi, tafiyarsa da nauyi, fanko kuwa ya fi kowa ƙara, kamar yadda ya ke ga 'yan Adam. In kun ji wata ƙafa na bugun dogo a kai a kai, gefenta ya goge ne saboda ja da birki. A zamanin gyaɗa mai kallo a Zariya ya kan ga gyaɗa da auduga da fatu da shanu sun nufi kudu, gishiri da kananzir da goro da tufafi sun nufo arewa. Wanda ya rubuta abin da ya wuce ta gabansa wata guda, ya san abin da ƙasarsa ke sayarwa da abin da ta ke saye.

Sai dai a yi kallo da hankali. Birkin jirgi da bututun iska ya ke aiki, wanda ya ratsa taragu tun daga kai har wutsiya, an kuma shirya shi yadda in jirgi ya tsinke birki zai kama da kansa. Duk da haka jirgi mai kaya in ya ɗauki gudu ya kan ci rabin mil ko fiye kafin ya tsaya, ba shi kuwa da sitiyarin kaucewa. Jikinsa kuma ya fi dogo faɗi ta ko wane gefe. Mai tseren ƙetare hanya a gabansa karambanin akuya ya ke yi, gai da kura. A tsaya nesa, kada a hau dogo, kada a bar yara su ɗora dutse a kai, in kuma cikin tasha ne a nemi izinin shugabanta tukuna.

Bashin da aka ɗauka

Yanzu mu koma ga jerin nan na kawuna. Ingila, Amurka, Kanada, Sin, ko wace da irin injinta, ko wace da kayan gyaranta, na wannan ba ya shiga wancan. Kai mai tururi ƙazami ne mai ci da yawa, amma kwal ɗinsa a gida a ke haƙa shi, abubuwa da yawa na jikinsa kuma ma'aikata su kan ƙera su a ma'aikatar reluwe ta Ebute Metta ko ta Inugu. Na dizal ba haka ya ke ba. Bakin feshin mansa an daidaita shi da awon da ya fi gashin kai siranta, ba maƙerin da zai buga shi a uwar maƙera. Ɗan ƙarfen da bai fi yatsa ba in ya lalace, ba a kuwa ajiye madadinsa ba, sai kai mai tan tamanin ya kwanta wata da watanni, a riƙa cire kayansa ana rayar da 'yan'uwansa har ya zama kwarangwal. Masu haƙar kwal na Inugu su ma sun biya nasu rabon, gama reluwe ce babbar mai sayen kwal ɗinsu.

Ga abin da alƙaluma suka nuna. A 1964 reluwen Nijeriya ta ɗauki kaya wajen tan miliyan 3. Zuwa 1974 abin ya koma miliyan 1 da 'yan kai, a farkon shekarun 2000 kuwa ya faɗi ƙasa da tan 100,000. Dalilan suna da yawa: gyaɗa ta ragu, an shimfiɗa titunan mota, dogo ya tsufa ba a sabunta shi ba. Amma ƙarancin lafiyayyun kawuna yana cikinsu, ko da ya ke ba a daina sayo sababbi ba. Kayan kuwa ba su daina tafiya ba, titi suka koma. Jirgi mai tarago 25, ko wane da tan 40, ya ɗauki tan 1,000 ke nan, abin da sai tirela fiye da 30 za su kwashe in ko wace ta ɗauki tan 30. Ramukan da ke titunanmu, da tsadar buhun siminti da na taki a Arewa, da rayukan da ke salwanta a hanya, duk suna da rabo cikin lissafin nan.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Dizal ya hutar da mu daga neman ruwa da jigilar kwal, ladansa kuwa mai ne mai tsabta, da matata a kan kari, da kayan gyara a ajiye, da makanikin da aka koyar aka kuma biya shi haƙƙinsa. Sayen sabon kai aikin rana ɗaya ne, riƙonsa aikin shekara talatin. Mu da za mu tsaya gaban yara gobe, wannan ne ya fi cancanta mu cusa musu. Wanda makarantarsa ke kusa da hanyar dogo ya sa su buɗe littafi, su riƙa rubuta rana da sa'a, da lambar kai, da tsarin ƙafafunsa, da launin hayaƙinsa, da yawan taragu da inda suka nufa. A ciki akwai lissafi, akwai labarin ƙasa, akwai kimiyya, akwai kuma sabo da lura, wanda shi ne farkon iya riƙon kaya. Cikin yaran nan ne direbobi da makanikai da shugabannin reluwe na gaba za su fito. Allah ya sa su fi mu kula da abin da aka danƙa musu, amin.